Amin a Zauren Alkasum

Ludayi biyu ne a cikin ƙwaryar furar da aka fito da ita zaure. Ɗaya tsoho ne, ya yi baƙi don shan hannu. Ɗayan sabo fil, an ɗaura masa jan zare a mariƙi. Ba wanda ya ce da Barmo komai, shi ma bai tambaya ba. Ya ɗauki mai zaren, ya kurɓa kaɗan, ya kife shi a gefen tabarma.

Da wansa Alkasum yana raye ba a taɓa ware masa ludayi a gidan nan ba. Amma jiya aka binne Alkasum, tun kafin saƙo ya iske Barmo a unguwar asibitin mishan, inda yake zaune da iyalinsa. Ko da ya tuƙo kekensa ya iso ƙauyensu, can gabas da Dogarawa, har ƙasar kabarin ta bushe, don bazara ce, kuma bazarar da ta biyo bayan fari.

Su biyu kaɗai ne maza a ɗakin uwarsu. Alkasum ne ya raine shi bayan rasuwar ubansu, shi ya koya masa noma. Lokacin da gyambo ya ci ƙafar Barmo har ana hangen ƙashi, yana saurayi, Alkasum ne ya aza shi bisa jaki, shi kuma ya bi a ƙasa har asibitin. Barmo ya yi watanni a kwance. Ya dawo da ƙafarsa, ya kuma dawo Kirista. Gari ya ɗauka, dangi suka taru, wasu suka ce a kore shi. Alkasum ya saurare su har suka gama, sannan ya ce, "To ai ni na kai shi. In akwai mai laifi, ni ne da jakina." Ya jawo akushin tuwo ya ce wa ƙanensa ya sa hannu. Ba a sake jin bakinsa a kan maganar ba.

Yanzu Barmo ya yi furfura, kuma mai bishara ne. Ran kasuwa yakan naɗe wani babban hoto na ƙyalle ya ɗaure a bayan keke, ya tafi Dogarawa ko Konni, wani lokaci har Illela, ya rataye shi a jikin itace. Hanyoyi biyu ne a hoton. Mai faɗin cike take da mutane, ta gangara cikin jar wuta. Siririyar ta hau tudu zuwa wani gari mai haske. Masu kallo sun fi cunkushewa ta wajen wutar. Shekara da shekaru yana nuna ta da kara, yana cewa duk wanda ya mutu bai karɓi Almasihu ba nan zai dawwama, kuma in rai ya fita an rufe ƙofa, addu'ar masu rai ba ta isa can. Haka aka koya masa, kuma bai taɓa shakka ba.

Ɗan Alkasum namiji yana kudu wajen cin rani, bai ma ji labari ba tukuna. Saboda haka Barmo aka zaunar a tsakiyar zaure kusa da liman, shi ne mai karɓar gaisuwa.

Tun da hantsi mutane ke shigowa. Kowa ya cire takalmi ya durƙusa a gabansa.

"Ya haƙuri?"

"Da godiya."

"Ashe haka Allah ya yi ikonsa. Allah shi jiƙan shi, shi sa ya huta."

A nan abin yake cijewa. Kalma ɗaya ake jira daga bakin mai makoki. Barmo sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Na gode da zuwa." Liman da dattawa sukan yi sauri su cike gurbin da nasu amin, amma mai gaisuwa bakin Barmo yake kallo. Wasu su tashi shiru. Wasu su maimaita addu'ar da ƙarfi, ko bai ji ba ne.

Ba rowar kalmar yake yi ba. In ya ce amin, ya rushe abin da ya yi rabin rayuwarsa yana faɗa a kasuwanni, kuma dattawan eklisiya ba za su bar hoto da keke a hannun mai bisharar da ke roƙa wa matattu gafara ba. Ɗakin da yake kwana ma na mishan ne. In kuwa bai ce ba, to ya zauna ke nan a zauren wansa yana sanar da duk wanda ya shigo inda yake zaton wan nasa yake.

Rana ta take tsaka sai ga Chindo, taubashinsu, ɗan gwaggonsu, mai sayar da goro a tashar Konni. Tun daga ƙofa ya fara.

"A'a, yau Nasara ne bisa tabarmar? Ya haƙuri, bawana?"

"Da godiya, Chindo."

"Allah shi jiƙan Alkasum." Ya dakata, ya kanga hannu a kunne. "Ban ji ba. Liman, kai ka ji? Ko dai a harshe likitoci suka yi mishi aiki, ba a ƙafa ba?"

Wasu suka yi murmushi, wasu suka kau da kai.

"Ka ce mana. Ba a biyan harajin lanho a kanta, jandarma ba su kama mutum don amin. Ni da rabona da asuba kan lokaci tun zamanin Faransa, ina cewa."

"Chindo, nan ba tasha ba ce," in ji liman.

"Na sani, Allah shi gafarta malam. A tasha ko ɗan kamasho ya mutu ana ce mishi amin."

Ya zauna, ya ɓare goro, ya miƙa wa Barmo rabi. Da ya matso sai Barmo ya ga idanunsa jajawur, ba na rana ba. Chindo ya yi ƙasa da murya ya ce, "Mata suna ji daga ciki, ka sani ko?"

Aka kira azahar, zaure ya watse zuwa masallaci, aka bar Barmo shi kaɗai da ƙudaje. Ya miƙe ƙafar tabon, wadda har yanzu takan yi tsami in ya daɗe a zaune. Yana nan sai ya ji an jingine keke a waje. Salisu ne, abokin aikinsa, mai bishara na ɓangaren Illela. A gaban hoton nan Salisu ya fara tsayawa wata ranar kasuwa, shekarun baya, kuma Barmo ne ya riƙe shi har aka yi masa baftisma. Ya shigo ƙura har gira, ya durƙusa.

"Ubangiji shi ba ka ƙarfin zuciya, Baba."

"Amin," in ji Barmo, ya ji kalmar ta fito ba wuya, har ta ba shi kunya.

"'Yan'uwa duk suna gaishe ka. Mun san wurin da wuya. Da safe mun taru mun yi addu'a Ubangiji shi tsai da kai."

"Kun kyauta. Ka sha ruwa?"

Salisu bai kai ga amsawa ba sai Zalika, babbar 'yar Alkasum, ta leƙo ta ƙofar ciki da goyo a baya. "Baba, Inna na kira."

Uwani, matar Alkasum, tana ɗakinta cikin takaba, an saki asabari a ƙofa. Barmo ya tsuguna a waje. Ƙafafunta kaɗai yake gani ta ƙasan asabarin, duk faso. Da can in ya shigo gidan nan da tsiya take tarbarsa, ta ce ga mijinta na ajiya ya zo cinye mata tuwo. Yau ba ta ko gaishe shi ba.

"Barmo."

"Na'am, matar Yaya."

"An ce tun safe ba ka ce amin ba."

Ba ta jira bakinsa ba, ta ci gaba.

"Ni ban yi makarantar lakwal ba, ban san abin da ke cikin takardunku ba. Tambaya guda zan yi maka, kada ka kewaya ni. Hoton nan naka mai wuta. Yayanka shina ciki?"

"Uwani…"

"Ya gan shi, ka sani? Wata kasuwar Dogarawa ya tsaya bayan mutane, kai ba ka gan shi ba. Ya dawo ya ƙi cin tuwo. Na ce mi ya faru. Ya ce yaron nan wuta yake nuna wa mutane, bai san ita ake ji mishi tsoro ba."

Wata akuya ta zo tana shinshinar turmi, ba wanda ya kore ta.

"Ya tambayi liman. Bai gamsu ba, ya tahi Konni ya tambayi wani malami. Duk magana guda: wanda ya bar addini ya mutu a haka, ba a yi mishi salla, ba a roƙa mishi gafara. Ya ce to ya ji. Amma duk sallar da ya idar sai na ji sunanka. Barmo, Barmo. Har na ce mishi, ni da 'ya'yanka ba mu da suna ne? Wata rana na ce, to in ya riga ka mutuwa fa, tunda an ce ba a roƙa wa irinsu? Ya ce sai shi ci gaba, ai ba liman yake roƙo ba."

Ta yi tari, ta gyara zama.

"Ni ban ce ka yi salla ba. Ban ce ka bar Yesunka ba, wanga tsakaninku ne. Amma in ba ka iya cewa, ka tashi daga tabarmar in sa Chindo. Na gaji. Duk wanda ya shigo ina kasa kunne, sai in ji shirun nan naka. Ya fi min kukan matan nan ciwo."

"Na ji."

"Ba ka amsa ni ba."

"Ban da amsa, Uwani."

"To tashi, rana na dukan ka."

Bai koma zaure ba. Ya bi ta bayan gida wajen rumbuna, waɗanda bana ba komai a cikinsu sai gidan rina, ya zauna a inuwar ɗaya. Salisu ya hango shi ta kan darni ya zagayo.

"Lahiya, Baba?"

Barmo ya gaya masa abin da Uwani ta ce, bai rage ba.

"To ka tashi daga tabarmar mana," in ji Salisu. "Ta ma sauƙaƙa maka. Mu koma tare, kafin rana ta faɗi mun isa."

"In na tashi, na amsa mata ke nan."

Salisu ya dube shi sosai. "Baba, ba dai kana tunanin cewa ba?"

"Ban ce babu wuta ba. A rubuce take. Ni na karanta maka wurin."

"To?"

"To ni mutum ne mai sakaci, Salisu. Tun kaka aka ce min shina tari, ban zo na duba shi ba, ina can ina yawon kasuwanni. Amma ko ni ɗin nan, in aka ba ni garwashi guda aka ce in aza mishi a tafin hannu, ba ni iyawa. Ko na ƙiftawar ido. To wa ya sa min wannan a zuciya? Ba Ubangiji ba ne? Mu ke cewa shi ƙauna ne. Yanzu ni na fi shi son Alkasum ke nan?"

"Ba da zuciyarmu muke auna shi ba. Kai ka koya min zuciya tana ruɗin mutum. Mai ƙauna ne, kuma mai adalci ne, ba a ɗauki guda a bar guda. An buɗe wa kowa hanya. Marigayi ya ji bishara, a bakinka ma ya ji."

"Ya ji a bakin ƙanen da ya share wa majina. Kai kana karɓar addini a bakin wanda ka share wa majina?"

Salisu bai yi dariya ba. Ya tsuguna a gabansa, ya ɗauki wani tsinke yana karyawa.

"In haka ne, don mi na bar gidan ubana? Ran da ya watso min kayana waje, kai ka ce in daure, abin da na tsere wa ya fi wanga nesa ba kusa ba. Innata tana nan da ranta. Duk wata sai na tahi na tsaya bayan darni, don ba a bari in shiga, ina roƙon ta ta karɓa tun da sauran lokaci. Tana kuka ina kuka. In ashe ana iya cewa amin bayan an mutu, sai ka gaya min, in bar tsohuwa ta huta."

Barmo ya dubi ƙasa.

"Ban sani ba."

"Kai ne ba ka sani ba?"

"Shekaranjiya na sani. Da ka tambaye ni shekaranjiya da na ba ka amsa har da aya." Ya shafa fuskarsa da hannu biyu. "Ban ce ka daina zuwa wurin innarka ba. Ni ma da za a maido min Alkasum yau da na sake gaya mishi. Amma ka saurari mutanen nan. Ba cewa suke ya shiga aljanna ba. Roƙo suke, a ji ƙansa. Shi wanda ake roƙo, in ya ƙi, abinsa ne, shi ya san abin da ban sani ba. Amma ni in zauna in ce kada a roƙe shi jinƙai? Shi da muke cewa don jinƙai ya hau gicciye?"

"An rufe ƙofa, Baba."

"Haka muke faɗa. Ni dai ba na wurin sa'ad da aka rufe. Ban san mi ya wuce tsakaninsa da Ubangiji ba da numfashi ya zo ƙarewa. Ko Uwani da ke riƙe da kansa ba ta sani ba."

"Wannan kowa ma yana iya faɗi a kan kowa. Sai wa'azi ya zama banza."

"Wataƙila."

"Ba wataƙila ba ne."

"Salisu, na gaji. Tun jiya nake juya abin nan, in na kama ta nan sai ta can ta kuɓuce. Ban iya haɗa maka su ba. Wutar tana nan a rubuce, ƙaunar ma tana nan a rubuce, ni kuma ga ni a gidan wana."

Suka ji muryoyin maza suna dawowa daga masallaci. Salisu ya yar da guntayen tsinken.

"Dattawa za su tambaye ni yadda aka yi. Ba ni yin ƙarya."

"Kada ka yi. Ban koya maka ƙarya ba."

Barmo ya dafa rumbu ya miƙe da ƙyar. Da suka shiga zaure Chindo yana zaune a bakin tabarmar tsakiya, rabi a kai rabi a ƙasa, alamar saƙon Uwani ya iso gare shi. Ya ɗaga kai ya dubi Barmo. Barmo ya wuce ya zauna a wurinsa na ɗazu. Chindo ya ja jiki gefe. Salisu ya samu wuri kusa da ƙofa.

Aka ɗan jima ba wanda ya zo. Liman yana jan carbi, wani dattijo yana gyangyaɗi. Sai ga wani tsohon Bafillace ya jingine sandarsa a waje ya shigo, siriri kamar kara. Liman ya raɗa wa Barmo cewa Amadu ne, wanda Alkasum ya bar wa karan gonarsa lokacin farin nan, har saniyarsa ta ƙarshe ta kawo yanzu da rai. Tsohon ya durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙara.

"Kai ne ƙanen?"

"Ni ne."

"Kun yi kama ta goshi. Ya haƙuri?"

"Da godiya."

"Sai jiya da yamma na ji, a bakin rijiya. Mutum ne. Allah shi jiƙan shi, shi yafe mishi kurakuransa."

Liman ya ja numfashi zai cike gurbin kamar yadda ya saba tun safe.

"Amin," in ji Barmo.

An ji muryar har bayan zana, inda sautin mata ya ɗauke na ɗan lokaci. Tsohon bai san an yi wani abu ba. Ya ci gaba da addu'arsa, Allah shi haskaka kabarinsa, Allah shi raya abin da ya bari, Barmo yana amsawa. Chindo ya sunkuyar da kai yana ta kankare ɓawon goron da ba shi da sauran abin kankarewa.

Bayan Bafillacen wasu mutum biyu suka shigo daga Bazaga. Amin ta biyu ba ta fi ta farko sauƙi ba. Barmo bai ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinsa ba, gajiyar ce dai ta ƙaru, da tsamin ƙafa. Yana tunanin yadda zai gaya wa matarsa, da inda za su zuba kayansu in aka ce su tashi.

Mutanen Bazaga suna cikin ba liman labarin rijiyarsu da ta ƙafe sai Salisu ya miƙe a hankali. Bai dubi kowa ba. Ya ɗauki takalmansa a hannu, ya sunkuya ya fita ta ƙofar zauren. Barmo ya hango shi ta ƙofa yana tura keken a cikin rairayi, bai hau ba, har ya sha kwanar masallaci.